Yadda Habi Mai Ƙosai Ta Bar Cin Wake

Duk wanda ya taɓa kwana a Kamarawa ya tashi da yunwa ya san Habi mai ƙosai. Ko bai san sunanta ba, hancinsa zai kai shi zauren gidansu. 'Yar Gangara ce, Bagobira gaba da baya, doguwa, siririya kamar karan dawa. Aure ya kawo ta nan, gidan Lawwali manomin albasa, mutumin da in ya yi maka magana biyu a jere to ranar ka taki sa'a. Uwarsa, Inna Tani, ita ke yin maganar gidan duka: tata, da ta ɗanta, da wadda mijinta ya mutu bai ƙarasa ba.

Ƙosai gado ne wurin Habi. Tun tana ƙarama take surfen wake tana buga ƙullu har hannu ya yi tsami. Karin kumallonta guntayen da suka ƙone ne a gefen kasko, da ɗanyar albasa. Da rana fura da nono. Da yamma tuwo da miyar da albasa ta fi ganye yawa, domin a gidan manomin albasa ba a auna ta, zubawa ake yi.

Abin da mutane ba su sani ba, ko suka sani suka kau da kai, shi ne tun tana budurwa duk wata in al'adarta ta kusa sai ciwon mara ya naɗe ta kamar tabarma. Uwarta ta ce in ta yi aure zai bari. Ta yi aure, bai bari ba. Aka ce in ta haihu zai bari. Haihuwar kuwa ta ƙi zuwa, shekara na bin shekara. Ciwon marar ma da sauƙi, domin shi ana iya shiga ɗaki a ja ƙofa a sha shi a ɓoye. Abin da ya fi ci mata rai kumburi ne. Da safe cikinta a shafe kamar faifai, kafin la'asar ya tashi ya yi tauri kamar an kife ƙwarya. Wata rana bayan gida ya ƙi zuwa, wata rana ya hana ta yin nisa da makewayi. Ga iska. Iskar nan ita ta raba Habi da Islamiyyar matan aure. Ana tsakiyar karatu, aji ya yi tsit, sai cikinta ya saki wani ƙugi kamar injin ban ruwa ya ƙi tashi. Matan baya suka cusa baki cikin hijabi, malam ya ƙirƙiro tari. Habi ta ɗauki allonta, ba ta sake taka wurin ba, kuma har yau in za ta wuce ta wannan lungun sai ta ƙara sauri.

Magani kam ta sha. Jiƙo, saiwa, kanwa, sabara, rubutu, har da wani baƙin gari da aka kawo daga Maraɗi wanda ya sa ta yini tana atishawa. Ciki ya ce bai san zancen ba.

Wata safiya tana bakin kasko, ciwon ya murɗa ta, hayaƙin mai ya haɗu da jiri, sai ta zame ta faɗi a gefen murhu. Allah ya kiyaye, mai bai taɓa ta ba. Lawwali ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Isa, can kuma aka ce sai Sakkwato. Suka bi hanyar nan da yanzu ba a binta sai rana ta take, da addu'a a baki. Likitar mata ta duba ta, aka yi hoto, aka sake dubawa. Sunan ciwon da Turanci ne, endometiriyosis, dogo kamar igiyar guga. Bayaninsa dai shi ne, irin naman nan da ke shimfiɗe cikin mahaifa, wanda ke zubowa duk wata, irinsa ne ya tsiro inda ba a shuka shi ba, a bayan mahaifa da kusa da hanji. In wata ya zagayo shi ma ya motsa, hanji ya shiga uku. Likita ta ba ta magani, ta ce batun kumburi kuwa ta koma Isa ta ga mai kula da abincin marasa lafiya. Lawwali na zaune aka yi duk bayanin nan, yana kallon takalminsa kamar ranar ya fara ganinsa.

Mai kula da abincin sunanta Firdausi, 'yar cikin garin Isa, gajeruwa mai gilashi. Shekarunta na aiki duk a kan yara masu tamowa ta yi su, tana auna damtsensu tana raba musu abincin leda. Sai ga shi an ɗauke ta tare da wasu 'yan uwan aikinta ana koya musu yadda ake rage wa mata masu wannan ciwo kumburi da ɓacin ciki ta hanyar abin da suke ci. Kwas ɗin bai ƙare ba, tana zuwa Sakkwato tana dawowa, an kuma ce kowacce ta sami marar lafiya ta bi ta sau da ƙafa ta kawo labari. Habi ce ta farkonta. Shi ya sa ta tarbe ta kamar an aiko mata da kayan salla.

"Yaya Habi, zamna. Hwaɗa mani abin da kika ci tun daga sahe har ki kwanta."

Habi ta faɗa. Firdausi na ji tana gyara gilashi.

"To. Gaskiya abinci ba shi warkar da ciwon ga, wannan aikin likita na. Amma kumburin da iskar muna iya rage su. Akwai abincin da hanjin mai ciwon ga ba shi so. Za ki aje su 'yan makonni, in ciki ya lahwa mu riƙa maido su ɗaya-ɗaya har mu kama ɓarawon."

"Su wa ke nan?"

"Wake."

Habi ta ɗago kai ta dube ta.

"Albasa da tahwarnuwa. Nono da madara. Burodi, taliya, duk abin alkama. Mangwaro, kankana, zuma."

"Malama, ke ko kin san ko ni wa ce? Ƙosai nika saidawa. Mijina albasa shika nomawa. Zama guda kin kashe mani sana'a kin kashe mani aure."

Firdausi ta yi dariya har gilashin ya zame. "Ban ce ki bar suya ba, ci nic ce ki bari. Gero naki na, dawa taki ta. Ga shinkahwa, ga ƙwai, kihi, gyaɗa, alayyahu, gwanda. Ke dai ki gode Allah. Abincin da anka lissahwa muna can wurin karatu, rabinsa ko a hoto ban taɓa gani ba, sai da niz zamna ni kaɗai ina neman mi ad daidai da shi a kasuwar Isa. Miya kuwa ki sa lawashi, koren ganyen, ki bar kan albasar."

"Miyar lawashi gidan mai albasa. Inna ta gani ta ce talauci ya shigo."

"Sai ki yi ma mutanen gida bayani, su taimake ki."

Habi ta ce to. Amma irin to ɗin nan ce da yaro kan ce in an hana shi wanka a gulbi. Ta ina za ta fara? Ta durƙusa gaban surukarta ta buɗe baki ta ambaci al'ada, da hanji, da iska? Ita da ko tuwo ba ta iya ci in tsohuwar na kallonta?

Da suka isa gida Inna Tani ta tare ɗanta a tsakar gida. "Mi anka ce?"

Lawwali ya sosa ƙeya. "An ce ta huta. Ta kiyaye abinci."

Iyakar bayaninsa ke nan, ya ɗauki fartanya ya nufi fadama.

Wadda ta fara ƙulla maganar Fadima ce, Bafillatanar da ke kawo nono daga rugar bayan fadama. Ta shigo da la'asar ta sauke ƙwarya, ta ce, "Habi, kawo kwanonki."

"Bari dai, Fadima. Na aje nono kwanan ga."

"Ke? Ke da in ban zo ba kika aiko a bi ni?"

"Ba shi zamna mani."

Fadima ta dubi fuskarta, ta dubi cikin da a lokacin yake tsaye cikin zane, ta ga tukunyar miya a kan wuta ba ƙanshin albasa. Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga ɗakin Inna, suka yi ƙus-ƙus. Da tsohuwa ta fito idonta ya yi ja, tana ta murza hannu tana "Allah mai iko, Allah mai iko."

To ai lissafin a fili yake. Mace ta faɗi a bakin wuta, an kai ta asibiti, an ce ta huta, ba ta son albasa, ba ta son nono, ga ciki ya tasa. Ko makaho aka ba wannan zai ce laulayi ne. Kafin a kira magariba labari ya kai ƙarshen gari ya dawo.

Habi ta yi ƙoƙari, kada a zalunce ta. Washegari ta sami tsohuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, wallahi ba abin da kika zato ba na."

Sai dai a wurinmu mace ba ta faɗin cikin fari. Ko ya kai mata haɓa, in an tambaye ta cewa za ta yi ba komai. Wadda ta ce akwai ita ce marar kunya. Saboda haka musun Habi shi ya zama shaida. Inna ta yi dariya ta dafa kan Habi.

"Haka nan na, ɗiyata. Ni ma lokacin wancan," ta nuna ɗakin Lawwali da haɓa, domin ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "har ranar naƙuda cewa nika ba komi. Tashi ki shiga inuwa."

Daga ranar Inna ta karɓe taɓarya, ta karɓe guga, ta kife kaskon ƙosai a bayan rumbu ta ce hayaƙin mai ba na mai wannan hali ba ne. Ta samo 'yar ƙaramar tukunya ta riƙa yi wa Habi miyarta daban da hannunta, da lawashi, ba albasa ba tafarnuwa. Duk abin da Habi ta ce ba ta so, Inna ta kafa masa doka. Wata maƙwabciya ta aiko da alala, tsohuwa ta mayar da ita tun daga zaure. Lawwali ya shigo da burodi, aka kore shi da shi. Da Firdausi ta nemi mai gadin tukunya a duk faɗin ƙasar Gobir ba za ta sami kamar Inna Tani ba.

Habi kuwa ta fara jin abin da ta manta akwai shi a duniya. Ta yi la'asar ba ta kwance zane ba. Alwalar azahar ta kai ta la'asar. Ga kuma wani abu da ya fi wannan daɗi, ya kuma fi shi ciwo. A da Inna ba ta taɓa zaginta kan haihuwa ba, amma duk ranar da ta dawo daga sunan wani gida sai ta zauna ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, Habi na ji daga ɗaki. Yanzu tsohuwar nan ce ke ɓare mata gyaɗa, tana fifita ta da zafin rana, tana ba ta labarin ƙuruciyarta a Alkalawa. Habi na karɓa tana ci, kowace loma na tsaya mata a wuya.

Wata safiya ta tare mijinta yana ɗaure buhu a babur. "Malam, ka hwaɗa ma Inna mana. Kai ma kana wurin anka yi bayani."

"Ni? In tsaya gaban Inna in yi maganar al'ada?" Ya ja igiya ya ƙara ja. "Bari dai, tana ganewa da kanta."

Daga nan ya ƙara sammakon fadama. Albasar bana ta sha ban ruwan da ba ta taɓa sha ba.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne, cikin mai ciki gaba yake yi, na Habi kuwa baya ya kama yi. Dokar abinci ta kama, kumburi ya sauka, zane ya koma inda yake. Inna ta zuba ido mako guda, ta ƙara wani. Rannan ta zauna a bakin murhu ta rafka tagumi ta ce, "Ya kwanta."

Tsofaffinmu sun riƙe cewa ciki na iya kwanciya ya yi barci wata da watanni, har shekara, sai an tashe shi. Inna ta shiga neman abin tashinsa. Ta je wurin mai saiwa, ta je wurin malam, ta rage cin abinci, ta bar hira. Kullum la'asar idonta na kan cikin Habi kamar manomi na kallon gabas a farkon damina.

Nan ne Habi ta yi abin da har gobe ba ta son a tuna mata, mu kuwa maƙwabta ba mu da aikin da ya wuce tuna mata. Wata rana Inna ta dafa wake da shinkafa nata da na ɗanta, ta rufe saura, ta tafi gaisuwar mutuwa. Habi ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta ɗauka, ta yanka ɗanyar albasa babba, ta zagaya bayan rumbu ta tsuguna kamar ɓarauniyar kaza ta cinye. Kafin la'asar sakaliya ciki ya tashi ya yi tauri. Inna ta dawo, tun daga bakin zaure ta hango, ta saki mayafi.

"Alhamdu lillahi. Ya tashi."

Ta raba goro ranar, har maƙwabta suka samu. Habi na kwance a ɗaki ta cije gefen filo, hanji na murɗawa, tana jin muryar tsohuwa a waje tana yi wa jika kirari tun bai zo ba. Kuma ba sau ɗaya ta yi ba. Duk lokacin da ta ga fuskar Inna ta faɗa, sai ta zagaya bayan rumbu.

Da ranar komawa asibiti ta zo, Firdausi ta ga Habi ta rame, ta ji kumburi ya dawo, sai hankalinta ya tashi.

"Ina nik kuskure? Da hwarko kin samu sauƙi. Ko daddawa ta? Ko kuka? Na bi duk abin da anka koya muna ban ga inda ya ɓace ba. Mako mai zuwa za ni gaban malamanmu, in ce musu mi?"

Habi ta ga yarinyar nan na neman ɗora wa kanta laifi, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ta ba da labari, tun daga ƙwaryar Fadima har bayan rumbu. Firdausi ta cire gilashi ta ajiye. Bakinta ya motsa kamar dariya za ta zo, ta danne ta.

"Can an koya muna hanji, an koya muna wake. Ba wanda yak koya muna surukuwa." Ta mayar da gilashin. "Ni nic ce ki yi bayani gida, ban tambaye ki ko bakinki na iya ɗaukar bayanin ba. In zo Kamarawa in hwaɗa mata?"

"A'a, Malama. In baƙuwa tah hwaɗa mata, kunya biyu za ta ji."

"To ke za ki hwaɗa?"

Habi ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska.

"Yaya Habi, ni ba ni tilasta ki. Amma duk lomar da kika ci don Inna ta yi murna, jikinki ka shan wuyarta. Kuma wata tara na cika, wake ba shi haihuwa."

Abin da ya kawo ƙarshen noƙe-noƙe Inna ce da kanta. Ta sayo goro mai kyau ta jiƙa algarara ta naɗe, ta ce ranar kasuwa mai zuwa za ta bi motar Sabon Birni ta sauka Gangara ta shaida wa uwar Habi, don su fara shirin goyon ciki, tunda cikin fari a gidan iyaye ake haihuwarsa. Lawwali ya ce hanyar ba ta da kyau kwanan nan, an tare mota a makon jiya. Inna ta ce ko da ƙafa ne za ta. Habi na jin su daga ɗaki. Tsohuwa za ta sa ranta a wannan hanya, ta je ta sa wata tsohuwar kuka na murna, duk a kan kwanon wake.

Ana gobe kasuwa, aka kira azahar. Inna ta shimfiɗa tabarma biyu a inuwa ta ɗauki buta. "Taso, ɗiyata, mu ba da hwarali."

A watannin baya, in ranakun al'adarta suka zo, Habi kan shige ɗaki ta ja ƙofa kamar can take salla. Yau ta fito ta durƙusa nesa da tabarmar.

"Ina hwashin salla, Inna."

Tsohuwa ta tsaya. Sai ta ce da sauri, "Ba komi, ba komi. Cikin da yat taɓa kwanciya jini kan ɓullo mashi. Za ni karɓo maki rubutu."

Da Habi ta yi shiru a nan, da maganar ta wuce. Ta kafa ido a ƙasa, a kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero, ta ce, "Inna, babu ciki. Ba a taɓa yi ba. Ciwo na, likita ta hwaɗi sunanai. In nic ci wake da albasa shi ka kumbura ni. Ranar da kic ce ya tashi, wakenki nis sata nic ci bayan rumbu."

Ruwa na ɗiga daga bakin butar a kan ƙafar Inna, ba ta gyara ba.

"Wancan ya sani?"

"Ya sani."

Inna ta yi alwala, ta naɗe tabarma ɗaya ta jingine, ta ta da salla. Ta daɗe a sujada. Da ta sallame ta shiga ɗaki. Ba a je Gangara ba.

Kwana biyu gidan kamar an yi mutuwa. Lawwali ya shigo ya gaishe da Inna, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai dai Allah ya ba ka baki don cin tuwo." Ita ce maganar da ya samu. Habi ko wannan ba ta samu ba. A rana ta uku tsohuwa ta leƙo ɗakinta, ba ta shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango.

"Sai mu ce ya zube."

Hanya ce mai sauƙi, kuma an sha binta. Mata su zo su yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya riƙe mutuncinsa.

"Inna, su cika gidan ga suna mani jaje ina amsawa? Ke ɗaya nir ruɗa, abinci ya ƙi wuce mani wuya. Ba ni iya ruɗin gari duka."

"To ni da niz zagaye gari ina karɓar barka, in sa huskata ina?"

Habi ta sunkuyar da kai. Inna ta juya ta tafi.

Da gari ya waye Habi ta ɗauko kasko daga bayan rumbu ta wanke, ta hura wuta a zaure. Allah da ikonsa, wadda ta fara wucewa Fadima ce, da ƙwarya a ka za ta kasuwa.

"A'a, Habi. Hayaƙin mai da wanga hali?"

Habi ta ji fuskarta ta fi kaskon zafi. Ta ci gaba da saka ƙullu a mai, ba ta ɗago ba. "Ba wani hali, Fadima. Kumburi na. Wake ka yi mani shi."

Wadda ta kai labarin farko ita ta kai na biyu, kuma na biyun ya fi gudu. An yi dariya a Kamarawa, ba a ɓoye ba. Har suna aka sa mata, Maijegon Wake, yara na zuwa sayen ƙosai suna tambaya yaushe ne suna. Habi ta sha wannan kai a sunkuye. Sai dai akwai matan da suka riƙa jira sai zaure ya watse, su matso kamar canji suka manta, su tambaya a hankali, wai me da me aka ce ta bari? Ita kuwa ta ce musu su je Isa su nemi mai gilashi, ciwon kowa da irin hanjinsa.

Firdausi ta ci gaba da aikinta, ana maido abinci ɗaya-ɗaya. Aka gano kindirmo kaɗan ba ya yi mata komai, burodi ma in ba ta cika ba. Manyan ɓarayin wake ne da albasa. Ciwon mara bai tafi ba, yana zuwa da watansa, tana shan maganin likita. Haihuwa kuwa likita ta ce wasu masu ciwon na samu, wasu na shan jira, ba ta yi mata alkawari ba. An ce Firdausi ta ba da labarin a wurin karatunsu ba tare da kama suna ba, kuma yanzu kafin ta hana mace ko da gishiri sai ta tambaye ta wa ke dafa mata, wa kuma za ta iya faɗa wa.

Inna Tani ta daɗe ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna. Tana amsa gaisuwar Habi da "lahiya" ɗaya, busasshiya. Ƙosan Habi kuma ya fara samun suka, domin mai suyar da ba ta cin abin da take soyawa da ka take zuba gishiri, yau lami gobe zartsi.

Wata safiya tana cikin suya, ba kowa a zauren, sai ta ji jan takalmi a bayanta. Inna ce. Ta tsaya tana kallon kaskon, fuska a ɗaure. Ta miƙa hannu cikin matsami ta ɗauki ƙosai ɗaya, ta ɓare, ta hura, ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage.

"Gishiri ya yi kaɗan."

Habi ta ƙara, ta buga ƙullun, ta saka wani. Da ya soyu Inna ta sake ɗauka.

"Yanzu kuma ya yi yawa. Haka kika ba mutane suna ci?" Ta tattare zane. "Matsa."

Habi ta matsa mata a kan tabarmar da take zaune.